Zabirar mai gyaran kwamfuta a hanyar Gure

Duk wanda ya taɓa miƙa kansa ga wanzami a bakin kasuwar Dole ta Damagaram ya san zabira: jakar fata mai aljihuna da yawa, aska da gurbinta, ƙaho da gurbinsa, dutsen washi da nasa, har wanzamin yana iya sa hannu ido rufe ya ciro abin da yake so. Ni ba wanzami ba ne. Sana'ata gyaran kwamfuta, wadda mutanen biro suka fi kira ordinater, amma jakar da nake yawo da ita wani baduku ne ya ɗinka mini ita bisa tsarin zabira. Labarinta zan ba ku, tare da wata tafiya da muka yi ni da ita cikin watan Janairu na shekarar 2024.

Wata Laraba da la'asar sakataren wata komin da ke bayan Gure ya kira ni. Kwamfutar ɗakin takardun haihuwa ta ƙi tashi yau kwana shida, ga ɗalibai 43 na kolej suna jiran kwafin takardunsu domin a haɗa masu takardun jarrabawar BEPC, kuma ran Litinin darakta zai kai su Gure. Rajistocin takarda suna nan, amma gara ta taɓa wasu, kuma neman suna 43 cikin rajistocin shekaru da dama da rubutun hannu iri-iri ba aikin kwana uku ba ne. Yaron da takardarsa ba ta shiga ba ya yi asarar shekara.

Haɗa jaka daga wannan kira yake farawa. Kowa cewa yake yi «ta mutu», kamar yadda ake ce wa likita «jikina ne ba daɗi». Sai na riƙa tambayarsa a hankali. In ka danna, fitila tana kamawa? A'a. Fanka tana juyawa? A'a. Kun ji ƙauri ranar da ta tsaya? Ya ce ƙwarai, maigadi ya tada gurup ke nan suka ji wani abu ya yi ƙara. Na roƙe shi ya ɗauko mini hoton takardar da ke manne bayan na'urar. Sai da ya hau tudun rairayi bayan gari kafin hoton ya samu hanyar isowa, bayan isha'i. Hoton nan ya fi mini kome amfani, domin akwatin wuta na cikin kwamfuta ba iri ɗaya ba ne: akwai na gama-gari, akwai kuma ƙananan HP da Dell masu nasu bakin waya daban, waɗanda in ka ɗauko wani iri ka yi dakon banza. Tasu ta gama-gari ce, na gode Allah.

A lokacin nan samun kaya ba wasa ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, kayan gyara da muka saba samu daga Kano suka yi wuya, kuma tun farkon watan Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, wadda ita ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da muke sha. Ba ta dawo ba sai cikin watan Maris na 2024. Kuran ya zama na rabo, unguwa bayan unguwa. Don haka daren nan da hasken cocila na baje kayana bisa tabarma, ina jiran rabonmu ya zo in cika batiran kwamfutar hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka'idata guda ce: jakar kada ta wuce abin da zan iya riƙewa bisa cinya. Abin da ya hau saman mota ya shiga hannun karen mota da igiyarsa, a ɗora masa buhun hatsi, rana ta dake shi, ƙura ta shige shi. Kilo takwas ne iyakata. Akwatin wuta shi kaɗai ya ci fiye da kilo ɗaya, kwamfutar hannu da cajarta sun ci kusan uku, saura sai a yi ta ciniki da zuciya.

Aljihun gaba na ƙarafa ne: turnabis mai kai da yawa, har da mai bakin tauraro, saboda wasu kamfanoni da irin wannan kusa suke ɗaure na'urorinsu kuma ba za ka same shi gun mai gyaran babur ba, awartaki ƙarami, hantsaki, da ma'aunin wuta. Ma'aunin nan ban taɓa barin shi ba tun ranar da na koyi cewa a ƙauye bango ake fara aunawa kafin na'ura. Wutar ƙasarmu volt 220 ce, amma tsohon gurup yana iya ba ka 170 yanzu, an jima ya haura 260. Wanda ya sa sabon akwatin wuta bai auna ba, ya ƙona biyu ke nan maimakon ɗaya.

Aljihu na biyu shi nake kira aljihun iyaka. Mahaɗar wutar bangonmu mai rami biyu ce zagayayyu, irin ta Faransa, kayan da suka biyo ta Najeriya kuwa da ƙafa uku masu kusurwa suke zuwa, irin na Ingila. Na sha ganin an cusa tsinken ashana ko an fere waya an tura ta tsirara cikin bango. Saboda haka adafta uku nake ɗauka, biyu ba su dawowa gida. Haka madannin rubutu: namu AZERTY ne, na Kano QWERTY, sakatare ya danna A ya ga Q ya ce aljanu. Akwai kuma tsofaffin na'urori ƴan gwanjo daga Amurka masu ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. In yaro ya tura shi gefen 115, ƙara guda za ka ji.

Na uku na ƙura ne: buroshi mai laushi, tsumma, ƴar robar hura iska da nake kira zugazugina, da ɗan man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar na'ura don ta sauke zafi. Na huɗu kuwa shi ya fi kowane sauƙin nauyi, ya kuma fi su tsada gare ni: kile USB guda huɗu da faifan ajiya ɗaya. Mai gyara na Yamai in ya rasa wata manhaja sai ya sauko da ita daga intanet. Inda za ni, hoto guda sai an hau tudu. Don haka kome yana cikin kile, har da Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020 amma har a lokacin ita ce ke aiki cikin biro da yawa na karkara, da manhajojin na'urorin buga takardu da aka daina ƙerawa, da haruffan Hausa masu lanƙwasa. Ɗaya daga cikin kile ɗin ba ya shiga na'urar kowa sai don kashe ƙwayoyin cuta. A aljihun baya na sa takardar izinin tafiya da rasit na kaya, da dabino da ƙuli-ƙuli.

Alhamis bayan asuba muka bar tasha cikin Hiyas, hazo ya rufe duwatsun Damagaram. Kilomita 18 muka shiga Mirya, garin lambuna da kukoki da maginan tukwane. A shingen gaba jandarma ya sa na buɗe jakar. Ya ɗaga ma'aunin wuta da wayoyinsa ja da baƙi ya dube ni, na miƙa masa takarda da rasit, ya karanta, ya ce in duba masa wayarsa da ba ta caji. Lint na aljihu ne ya toshe ta, hantsaki ya fitar. Tun daga nan ƴan motar suka koma kirana injiniya.

Gidimuni, kimanin kilomita 70 daga gida, takan zo wa matafiyi ba zato: ana cikin rairayi da ƙaya sai ga ruwa kwance cikin kwari, dabinai da rake da rogo sun kewaye shi. Daga nan ƙasa ta fara canza harshe. A Gidigir gaisuwar Barebari ta fi ta Hausa yawa a bakin mota, tuddan rairayi suna matsowa kusa da kwalta, tsakaninsu kwaruruka masu goruba da farar kanwa. Wannan hanya ita ce RN1 da ta taso daga Yamai har Gigimi, kuma in ka wuce nan ka san duk abin da ka manta a gida ya mantu.

Gure, wajen kilomita 160, tsohuwar fadar Muniyo ce, tana zaune tsakanin duwatsu da rairayi. Bature Barth ya biyo ta nan cikin Disambar 1852 daga Kukawa, ya wuce Damagaram inda ya zauna kimanin wata guda yana haɗa guzurin tafiyarsa ta Tambutu. Shi raƙuma suka ɗaukar masa kaya. Ni kuwa bayan azahar na hau bayan wata tsohuwar Toyota ta ƴan kasuwa, muka bar kwalta, jaka a ƙirji, rawani a hanci. Sau biyu muka kafe muka tura. Magariba ta yi mana a garin.

Sakatare ya sauke ni gidansa. Dattijo ne, ya girme ni nesa, amma «mushe» yake ce mini, ni kuma ina ce masa baba. Da safe ya buɗe ɗakin: teburi, kabad na rajistoci, taga ba gilashi, kwamfuta lulluɓe da zane. Na sa aka tada gurup na auna bango, allo ya yi ta rawa tsakanin 190 da 250. Na ce a kashe. Ashe akwai faranti masu aiki da hasken rana bisa rufin ɗakin magajin gari, da batiransu da na'urar juya wuta, wutarsu tsayayya, sai dai ba wanda ya taɓa tunanin jawo ta ɗakin nan. Muka aro doguwar waya gun mai cajin wayoyi na kasuwa.

Da na kwance murfin, ƙura ta yi kauri kamar bargo bisa fanka, gefe guda kuma zanzaro ta gina ɗakinta. Na fitar da ita waje na yi ta hurawa, yara sun kewaye ni. Na sa sabon akwatin wuta, na danna, ta tashi. Sakatare ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Kafin kome na kwafe rajistar duka cikin faifai, domin na'urar da ta ci irin wannan wuta ba a ba ta amana.

Sai ga abin da ban shirya masa ba. Takardar gwaji ta fito da kwanan watan Janairun 2010. Cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, volt 3, shi ke riƙe mata agogo in an cire wuta. Nata ya mutu. Na sa hannu cikin ƙaramin aljihun da nake aje su, na tarar da kwalin fanko: makon da ya wuce na ba wani abokin sana'a biyun da suka rage, ban mayar ba, kuma daren shiri da cocila na taɓa kwalin na ɗauka da abu ciki. Batir na dala ɗari. Ana iya gyara kwanan wata da hannu kowace safiya, amma ranar da baba ya manta, takardar yaro za ta fito da kwanan da ya riga shigarsa lekol, a mayar da ita daga Gure.

A ɗakin ajiya akwai matattun kwamfutoci uku da wani shiri na agaji ya bari. Na ciro batiransu na auna, ba wanda ya kai volt 2. A kasuwa sai manyan batiran cocila da rediyo. Bayan sallar Juma'a ina zaune ina jin kunyar kaina, majo na gidan likita ya zo gaishe da baƙo, ya ga abin a tafin hannuna ya ce ai irinsa ne cikin na'urarsu ta awon sukari, kuma yana da biyu sababbi cikin durowa. Ya ba ni ɗaya aro, da sharaɗin in aiko da biyu.

Kafin magariba takardu 41 sun fito, magajin gari ya sa hannu. Biyun da suka rage ba su cikin na'urar sam, sai da baba ya nemo su cikin rajista ya rubuta da hannu da hasken fitila. Faifan da na kwafe rajista a ciki ban tafo da shi ba. Sunayen mutane ne da na iyayensu, ba kayan jakata ba ne. Na damƙa shi ga magajin gari gaban sakatare aka sa cikin kabad, aka rubuta mini takardar kuɗinsa, jika 25, waɗanda suka iso bayan wata huɗu. Na bar masu adafta ɗaya da buroshi, na nuna wa maigadi yadda ake share fanka ran Juma'a.

Asabar da hantsi na sauka Gure da jaka mai sauƙi da ƙullin dabino da matar baba ta ba ni. Ran Litinin na sayi batir goma, na ba direban Toyotar huɗu cikin ambulan da sunan majo, sauran shida na kai wa badukun ya ɗinka masu aljihu mai bakin roba fara, wanda ake ganin cikinsa ba sai an taɓa ba.