Littattafan Hira Domin Daren Ƙanƙara

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan takarda tamu in yi magana a kan abin da watakila wasu za su ce bai dace da bakin malamin allo ba, watau karatun littattafan hira a lokacin ƙanƙara.

Kowa ya sani, a nan Niyu Yok in watan Disamba ya kama, rana takan faɗi wajen ƙarfe 4:30 na yamma. Kafin ƙarfe 6:30 an idar da lisha, alfijir kuwa ba ya ketowa sai an doshi ƙarfe 6 na safe. A Kumasi ko Nima in an sallame lisha sai a jawo benci ƙofar gida, a yi ta hira har barci ya raba mutane. A nan fa wa zai zauna ƙofar gida? Waɗanda ke nan a Janairun 2016 ba su manta ba, sa'ad da dusar ƙanƙara ta kai inci 27 da rabi, har hukuma ta hana motoci bin titi. Dattijon da a gida zaurensa ba ya rabuwa da jama'a, ga shi nan a ɗaki, bene hawa biyar, jikoki kowa ya duƙufa kan wayarsa, ba mai ce masa kanzil. Sanyin jiki ana maganinsa da bargo, amma wannan zaman shiru shi ke karya mana tsofaffi.

Na san abin da za a ce. Za a ce malaman da sun yabi lokacin sanyi, domin yininsa gajere ne ga mai azumi, darensa kuwa dogo ne ga mai nafila. Gaskiya ne, ni ma haka nake gaya wa almajiraina. Amma dare ne mai tsawo ƙwarai, wanda ya yi tilawarsa ya yi wuridinsa zai ga da saura. Za a kuma ce hikaya ƙarya ce. To, malamaina, Allah ya gafarta muku, Maƙamatul Hariri fa? Maƙama hamsin ce, kuma Abu Zaidi Saruji da ke ta yaudarar mutane a cikinta, Hariri ne ya ƙago shi. Duk da haka a zaurukan manyan malamanmu ake karanta ta, a fassara ta kalma kalma. Abubakar Imam da kansa ya faɗi ya ɗebi wani abu daga cikinta da ya zo rubuta Ruwan Bagaja. Labarin da mai shi bai ce ya faru ba, ba a kama shi da laifin ƙarya.

Wanda nake so in daɗe a kansa, na wani Barashe ne, Tolstoy, ya fito a 1895. Da Turanci sunansa Master and Man, watau Maigida da Bara, an kuma juya shi da Larabci. Ɗan ƙarami ne, dare biyu ya ishe shi. 'Yan kasuwa, wannan naku ne.

Wani attajirin ƙauye ne ya ji za a sayar da wani kurmi. Mai kurmin ya ce rubul 10,000, shi kuwa ya taya 7,000, alhali ya san ya fi haka ninki uku. Tsoronsa kada 'yan birni su riga shi. Sai ya ɗauki 700 nasa, ya haɗa da 2,300 na majami'arsu da aka ba shi ajiya, ya sa aka ɗaura wa doki irin kekensu marar ƙafa mai sulɓi kan ƙanƙara, ya tafi da baransa Nikita, ga hadari ya haɗu. Shi Nikitan nan, aikin da ya kamata a biya shi 80 a shekara, 40 ake ba shi, ita ma galibi da kayan kanti a farashi mai tsada, maigidan kuwa har zuciyarsa yana ganin taimakonsa yake yi. Suka ɓace hanya, suka faɗa wani ƙauye. Suka fita, suka sake ɓacewa, suka komo ƙauyen nan dai. Aka ba su shayi, aka ce su kwana. Attajiri ya ce ina, ciniki ba ya jira. Cikin dare suka maƙale a wani kwari, ba gaba ba baya. Yana kwance yana lissafin dukiyarsa har tsoro ya kama shi, ya haye dokin ya gudu, ya bar bara a nan, a ransa yana cewa irin wannan ko ya mutu me ya rasa. Ƙanƙara ta juya shi ta juya shi, ta komo da shi inda ya baro.

Abin da ya yi da ya komo, ba zan faɗa ba, kada in zubar muku da miyar. Iyaka dai ɗaya ya wayi gari da rai, ɗaya bai waya ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Tolstoy bai zagi attajirin nan ko sau ɗaya ba. Ya bar shi yana magana da zuciyarsa, mai karatu kuwa sai ya ji kamar a nasa ƙirjin ake maganar. Duk wanda ke da yaron shago, ko yake riƙe da kuɗin masallaci ko na adashi, ko direbanmu da ke cewa ranar ƙanƙara ita ce ranar samu, ya karanta shi a daren da iska ke kaɗa taga. A watan Yuli ba zai ji shi haka ba.

Kada ku ce labarin Rasha baƙo ne gare mu. Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, wanda Ahmadu Ingawa ya fitar a 1951, daga tatsuniyoyin jaruman can aka ɗauko shi, birnin Kib da ke ciki kuwa shi ne Kiyef. Iyayenmu sun sha shi ba su ƙware ba. Wannan na yara ne, su kuwa suna son sa.

Akwai kuma na Orhan Pamuk, mutumin Turkiyya, wanda ya fito a 2002, sunansa ma Ƙanƙara, Snow da Turanci. Wani mawaƙi ne ya komo daga zaman Jamus, ƙanƙara ta rufe shi kwana uku a garin Kars, ana rigima a kan 'yan mata da aka hana shiga makaranta da lulluɓi. Yana da nauyi, yana kuma da wuraren da ba a karanta su gaban yara. Mai haƙuri ya gwada, ban tilasta ba.

In kuwa zuciya ta gaji da fari fat, tana begen rana, sai a ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar Zariya ta 1933 ta haifa. Ina ƙaunarsa domin malami ne ke ba almajiransa labarin kansa, yadda aka sace shi yana yaro, ya ƙetare hamada tare da wani Balarabe, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. A ciki akwai guguwar rairayi da ta binne ayari, wanda ya karanta ta a nan zai ga ita da ta ƙanƙara uwarsu ɗaya. Mu da muka fara da ajami kafin boko, Hausarsa ba ta yi mana tsauri, kamar dattijo ne ke magana a zaure.

Kusa da shi sai The Hundred Wells of Salaga, watau Rijiyoyi Ɗari na Salaga, na Ayesha Harruna Attah, 'yar Gana, 2018. Labarin mata biyu ne, Amina da aka kamo baiwa, da Wurche 'yar sarauta, a zamanin yaƙin basasar 1892, wanda ya watsa fataken goro har Alhaji Umaru ya koma Kete Karachi. Zai sosa wa wasunmu inda ba sa so, domin kakanninmu ba goro kaɗai suka saya a kasuwar nan ba. Ina ganin gara jikokinmu su ji wannan muna zaune kusa da su, su tambaye mu.

Yadda muke yi a gidana, bayan lisha a kashe talabijin, a ɗora shayi. Na Hausa ni ke karantawa, in na zo kan kalmar da yara ba su sani ba, kamar ayari ko madugu, sai in tsaya. Na Turanci kuwa babbar 'yata ke karantawa, ta juya mana shi da Hausa. Takan yi tuntuɓe, uwarta ta gyara mata, a yi dariya. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ko wanda ajami kaɗai ya iya, ya kira jika ya ba shi wannan aiki, ko da za a haɗa da ɗan tukuici.

Na Turancin a neme su a laburaren gari, katinsa kyauta ne ga mazaunin birnin nan. Na Hausa kuwa sai an yi saƙo ga mai zuwa Kano ko Zariya. Ina da Shaihu Umar guda biyu, mai so ya same ni a makaranta ranar Asabar bayan azahar. A komo mini da su kafin azumi ya kama, domin a watan nan littafi ɗaya muke da shi.