Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse: Farautar Tubalan Wasa a Kasuwannin Kumasi

Ba kasafai kaya suke iso mana Kumasi a cike ba. Mota takan sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan ta cinye ƙuruciyarta a Jamus ko Koriya, keken ɗinki ya zo babu ƙoshiya, riga ta fito daga dila da saura maɓalli biyu. Shi ya sa garin nan ya ƙware a sana'ar cike giɓi. Duk wanda ya taɓa kai mota Suame Magazine, unguwar nan da ta gaji sunanta daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, ya san yadda abin yake. Kana faɗin sunan ƙarfen da kake nema, yaro zai nutse cikin lunguna, kafin ka shanye ruwan leda ya dawo da shi a hannu. Sai dai kuɗin da za a yanka maka bai da alaƙa da nauyin ƙarfen. Abin da ake dubawa shi ne ko akwai irinsa a wani shago, da kuma kwana nawa motarka ta yi a kwance.

Yau maganata a kan abin da ya fi ƙarfen mota ƙanƙanta ƙwarai take, wato tubalan roba na wasan yara da ake kira Lego. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. A 1958 aka yi rajistar tubalin da muka sani yanzu, mai ƙullutai a sama da 'yan bututu a ƙasa, waɗanda ke sa biyu su kama juna ba tare da gam ba. Tun daga lokacin ba a sauya awonsa ba, don haka tubalin da aka ƙera a waccan shekara zai hau na bana ya zauna daram. A Turai da Amurka ana sayar da su cikin kwali, kowane kwali da lambarsa da littafin da ke nuna yadda ake haɗawa. Wasu kwalayen ma manya ne ke sayensu su adana, kamar na ginin Taj Mahal da ya fito a 2008 da tubala 5,922. Idan kamfani ya daina buga wani kwali, sai masu tarawa su shiga neman sassansa ɗaiɗai don su tayar da shi.

Mu kuwa a warwatse suke zuwa mana. A wajen masu kayan gwanjo na Kejetia da kewayenta za ka tarar da buhunan kayan wasan da 'ya'yan Turawa suka gaji da su: 'yartsana mai hannu ɗaya, mota mai ƙafa uku, bindigar ruwa da ta fashe. A can gindin buhun tubalan suke taruwa kamar tsakuwa a gindin shinkafa. Babu kwali, babu littafi. Kashi-kashi ake kasa su, wata ma ta auna maka da olonka, gwangwanin nan da ake auna gari.

Ɗan yayata ne ya jefa ni cikin wannan harka. Shekararsa tara. Uwarsa ta sayo masa kashi guda da ƙaramar salla, ya zazzage a kan tabarma a gidanmu na Aboabo, ya ware jajaye gefe guda, ya ce, “Kawu, wannan motar kashe gobara ce, amma an kwashe mata hanji.” Da na duba sai na ga da gaskiyarsa: ga tsani, ga tayoyi uku, ga wani ɗan falle mai ɗauke da lambar mota. Su masu ƙera waɗannan motoci sukan sa lambar kwalin a matsayin lambar motar. Na rubuta ta a waya, sai ga hoton motar a cike, ga littafin haɗawa shafi-shafi, ga jerin kowane sashi da launinsa da adadinsa. Muka zauna da takarda da biro muna ƙirga. Abin da muke da shi ya ɗan haura rabi. Yaron ya dube ni, ni kuma na yi masa alkawari, alkawari kuwa kaya ne.

Darasi na farko shi ne gane na ainihi. Tun da wa'adin rajistar tubalin ya ƙare, kamfanoni da yawa suna yin irinsa, kuma a buhun gwanjo duk a cakuɗe suke. Na ainihi yana da sunan kamfanin a kan kowane ƙullutu, da rubutu sirit wanda sai ka karkata shi ga rana za ka gani. Yawancinsu kuma suna da lambar sashin a ciki. Na kwaikwayo yakan yi sako-sako, ko ya cije har sai yaro ya sa haƙori. Sai kuma launi. Fari yakan koma ruwan ƙwai idan rana ta daɗe tana dukansa. Ruwan toka kuwa iri biyu ne, domin a wajen 2004 kamfanin ya sauya tsohon ruwan tokarsa da wani mai ɗan shuɗi-shuɗi. A hannu ba za ka lura ba, sai ka jera su a jikin mota ɗaya su fito kamar facin riga.

Darasi na biyu shi ne farashi, kuma a nan ne na ga kamar na taɓa sanin wannan karatu. Akwai wata kasuwar intanet mai suna BrickLink, wadda wani mai suna Dan Jezek ya kafa a 2000, kamfanin Lego kuma ya saye ta a 2019. A can kowane sashi, a kowane launi, yana da jadawalin abin da aka sayar da shi cikin wata shida da suka wuce, sabo daban, tsoho daban. Babban tubali ja, wanda aka zuba cikin ɗaruruwan kwalaye, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma wani ɗan gilashin gaban mota da bai kai farcen babban yatsa biyu ba, ko 'yar hular wani ɗan mutum-mutumi da ta fito a kwali ɗaya tak, sai ka ga ya ninka shi sau da yawa. Abu uku ke yanke hukunci: ƙarancin abin, lafiyarsa, da yawan masu nemansa.

Ai wannan karatun kakanninmu ne. Goro ne ya kawo Hausawa wannan ƙasa. Ayari kan taso daga Kano da Katsina ya nufo Gwanja, a haɗu da Tonawa, wato mutanen Asante, a kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa, zangon Kumasi kuma ya ci gaba da cika har ya zama gari cikin gari. Mai goro ba ya kallon huhu a dunƙule. Sai ya kwance ganye ya zaɓe: ga goriya, ga marsa, ga minu, ga daushe na bara, ga mai tsutsa da za a jefar kafin ya ɓata sauran. A ƙirga ƙwarya-ƙwarya, kowace ɗari, kowane zaɓi da kuɗinsa. Ribar tana cikin zaɓen. Da Bahaushe ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse, daga bakin sana'arsa ya yi maganar.

To amma sanin farashi a waya daban, samun kaya a hannu daban. Mai sayarwa yana Holan ko Ingila, sashin na 'yan kwabbai ne, kuɗin aikowa Ghana kuwa ya isa ya sayi buhun gwanjo sukutum. Wasunsu ma ba sa sayar da ƙasa da wani adadi. Don haka jadawalin ya zama mini ma'auni kawai, farauta kuwa a ƙafa. Duk Asabar nakan shiga kasuwa da takardata a aljihu, in tsuguna gaban tabarmar masu kayan wasa ina tona. Wata rana in dawo da sassa shida, wata rana da ƙura kawai. Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

A irin wannan tono ne na ci karo da abin da ya sa ni wannan rubutu. A tabarmar wata dattijuwa Batoniya na tsinci 'yan mutum-mutumi uku cikakku, na wani tsohon kwali da aka daɗe da daina bugawa. Na duba waya a fakaice. Guda ɗaya daga cikinsu ya fi kuɗin duk abin da ke kan tabarmar. Na tambaye ta nawa ne kashin, ta ce dubu hamsin. Har yau da tsohon lissafi take ƙirga, na kafin 2007 da aka mayar da sidi dubu goma sidi ɗaya. Sidi biyar ke nan take nufi.

A ka'idar kasuwa babu wanda zai zarge ni. Ita ta yanka, ni ban ko yi tayi ba. Amma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tare ayari a hanya a saye kayansa kafin ya shiga kasuwa, malamai kuma suka ce dalili shi ne mai kayan bai san farashi ba tukuna. Wannan baiwar Allah tana zaune a tsakiyar kasuwa, amma kasuwar kayanta tana cikin wayata. Na kuma tuna kawuna, Allah ya jiƙansa, dillalin goro ne. Baƙo yakan sauka gidansa da huhuna, bai jin Tonanci, bai san kowa ba, ya damƙa masa kaya ya tafi masallaci. La'ada kawai kawu yake ci. Yakan ce ranar da dillali ya ci jahilcin baƙonsa, ranar ya sayar da ƙofar gidansa.

Na ce mata, “Maame, waɗannan ukun ba na kashi ba ne. Akwai masu nemansu a ƙasashen waje da kuɗi mai kauri. Ni ba su nake nema ba, ki ajiye su daban.”

Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, “Kramo, to me kake nema?”

Na miƙa mata takardar, na nuna mata hotunan a waya. Ta kira jikarta ta ɗauke su da tata wayar.

Gaskiya tana da kuɗinta, ba zan ɓoye muku ba. Da na koma bayan mako biyu, Maame ta daina kasa tubala kashi-kashi. Ta samo robobin man shanu ta zaɓe su: tayoyi nan, gilasai nan, 'yan mutum-mutumi a cikin leda a ƙugunta. Komai ya hau. Maƙwabciyarta ta gani ta kwaikwaya, har wani da muke haɗuwa da shi wajen tono ya yi mini ƙorafi cewa na ɓata kasuwa. Wataƙila a wajensa haka ne. Amma tun daga ranar, duk buhun da aka kwance, jikar takan duba takardata kafin kowa ya taɓa. Da hannunta na sami taya ta huɗu, da ƙofofi biyu, da kan mesar ruwa. Idan na yi tayi ya yi ƙasa, Maame ta ce albarka da Hausarta ta kasuwa. Idan muka daidaita, ta ɗora mini gyara.

Wata biyar muka ɗauka. Sashi ɗaya ya gagara, shuɗin gilashin gaban motar. Na ce wa yaron mu jira wani mai zuwa daga Ingila. Bai ce komai ba. Washegari na tarar ya yanko gefen robar ruwa, ya goge bakin da dutse, ya soka ta a gurbin. A ma'aunin masu tarawa wannan mota ba ta cika ba, kuma darajarta ta faɗi. Ni kuwa abin da na gani shi ne hannun da muka taso da shi, mu da muka yi motar gwangwanin madara da tayoyin silifa, iyayenmu kuma a can arewa suka yi tasu da karan dawa. Hannun nan ne yake aiki a Suame har gobe.

Da na ga haka sai na nuna masa hotunan aikin Ekow Nimako, ɗan asalin Ghana mazaunin Kanada, wanda ya ɗauki baƙaƙen tubalan Lego wajen 100,000 ya gina birnin Kumbi Saleh, babban birnin tsohuwar daular Ghana, yadda yake hasashen zai kasance nan da shekara dubu. Gidan tarihi na Aga Khan da ke Toronto ne ya mallaki aikin. Babu kwalin da ya zo da wannan birni, babu littafi. Yaron ya yi shiru yana kallo, sannan ya tambaye ni ko tubalan da suka yi mana saura za su isa hasumiyar masallaci. Na ce sai mun ƙirga.

Iyaye da ke sayo wa 'ya'yansu kashin kayan wasa a gwanjo, kada ku share 'yan tubalan nan ku zubar. Ku wanke su da ruwan sabulu mai ɗumi, ku shanya a inuwa, ku nisanta ƙananan daga jarirai don suna iya haɗiyewa, sannan ku zauna da yaran ku zaɓe tare. A kan tabarmar za su koyi ƙirga da haƙuri da tayi. In kuma Allah ya sa wata rana suka san darajar abin da mai shi bai sani ba, ku tabbata sun ji labarin yadda dillalan zango suke yi da baƙonsu. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya jiƙan magabata.