Darasin Gobe

Duk shekara, idan aka zo kan lokaci mai zuwa, malamin Ingilishi na wata koleji a Agadas da Hausa yake fara darasin. Yakan rubuta "ina za ka?" a allo, ya bi da "za ka karanta", ya nuna wa ɗalibai cewa "za" ɗin guda ce: kalmar tafiya ce Bahaushe ya ara yake faɗin gobe da ita. Ita kuwa "will" ta Ingilishi, asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin so. Ƙa'idarta ba wuya: ba ta sauya kama ko wane ne mai aikin, aikatau kuma yakan biyo ta yadda yake, saɓanin Faransanci da ke sauya ƙarshen aikatau daga mutum zuwa mutum.

Wahalar tana cikin jimlolin da yaran ke kawowa. Ran nan ya ce kowa ya rubuta abin da zai yi in ya gama karatu. Wani yaro mai shekara 14 ya rubuta "I will go to Libya." Ba kuskure ko ɗaya. Malamin ya daɗe riƙe da jan biro. Ya san motocin da ke ɗaukar hanyar Dirku cike da matasa. Ya ga dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, ya kuma ga an soke ta a Nuwamban 2023. Hamadar Tenere ba ta sauya ba.

"Mushe, ban yi daidai ba ne?" in ji yaron.

"Ka yi daidai, ɗana. Amma darasin bai ƙare ba."

Washegari ya koyar da korewa da tambaya, wato "won't" da "when will you come back?" Ya sa yaron ya amsa ta biyun a gaban ƴan ajinsu. Yaron ya yi shiru, don bai taɓa tunanin dawowa ba.

Tun 2025 Ingilishi ya shiga sahun harsunan aiki a Nijar, Hausa ta zama harshen ƙasa, darasin ya ƙara daraja. Shi dai malamin, a kan nahawu kaɗai yake ba da maki. Sauran yakan bar shi sai an tashi, ya kira yaro gefe su zanta da Hausa.