Broly: Agolan Da Ya Zama Ɗan Gida

Yau ba maganar kasuwa ko tsadar kuɗin mota zuwa gida zan yi ba, maganar katun ce. Na san wani zai ce ƙato da shi yana kallon katun. To a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Duk mai kallon Dragon Ball ya san labarin kashi biyu ne. Akwai gundarin labari, wanda Akira Toriyama ya zana a Japan daga 1984 zuwa 1995. Akwai kuma fina-finan gefe da kamfanin Toei ya riƙa fitarwa, waɗanda wasu marubuta suka tsara. Abin da ya faru a fim ɗin gefe ba a lissafa shi a gundarin labari. Ko duniya aka tarwatsa a can, idan an dawo nan babu mai tuna zancen.

Broly ɗan gefe ne. A 1993 ya fara fitowa, a fim ɗin da Takao Koyama ya rubuta, aka sake yin wasu biyu a kansa a 1994. Yara sun so shi ƙwarai saboda ƙarfinsa, amma dai agola ne: yana cin tuwon gidan, ba ya cikin masu gado. Kuma dalilin ƙiyayyarsa da Goku abin dariya ne. Wai suna jarirai an kwantar da su kusa da juna, kukan Goku ya dame shi, shi ke nan ya riƙe abin har girma.

Sai bayan shekara 25, a 2018, Toriyama ya rubuta Dragon Ball Super: Broly da kansa, ya shigo da shi cikin gida. Ya bar masa ƙarfinsa, da ubansa Paragus, da hassadar da Sarki Vegeta ya yi masa tun yana jariri. Ya cire zancen kukan nan. A sabon labari an jefar da Broly wata mummunar duniya mai suna Vampa, ya girma babu kowa sai uban da ke horar da shi don ɗaukar fansa, har da sa masa ƙarfe mai jan lantarki a wuya. Ya zama mutum mai sanyin hali wanda fushi ke fin ƙarfinsa. Aka ba shi abokai, Cheelai da Lemo. A ganina wannan gyara ne mai kyau, domin an ƙara masa dalili ba tare da an rage masa komai mai daraja ba.

Amma ba kullum ake dacewa ba. Ku dubi Bardock, mahaifin Goku. Shi ma daga gefe ya zo, a wani shirin talabijin na musamman a 1990, Toriyama ya ji daɗinsa har ya zana shi a littafinsa. Bardock na wancan lokaci mugun mayaƙi ne, bai damu da ɗansa ba saboda an ce yaron ba shi da ƙarfi. Sai da aka kashe abokansa ya tunkari Frieza shi kaɗai, ya mutu. A 2014, cikin Dragon Ball Minus, aka sake shi: ya zama uba mai tausayi, shi da matarsa Gine suka tura Goku duniyarmu don su cece shi. Labarin yana da taɓa zuciya, ban musa ba. Sai dai an wanke Bardock har an wanke abin da ya sa muka so shi. Da can Goku yaro ne da aka raina aka yar, ya tashi ya fi kowa. Yanzu ya koma ɗan gata da iyaye suka ɓoye.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan zance da zafi shi ne, ni ma ɗan gefe ne. A Sabo ta Ibadan aka haife ni, mahaifina fataken goro ne, nan na yi sakandare. Idan muka je gida da salla ana murna da mu, ana yanka kaza. Amma da na buɗe baki kalmar Yarbanci ta kuɓuce, sai 'yan uwa su kwashe da dariya, a ce ɗan Kurmi ya zo. Wani kawuna ya taɓa ce wa mahaifina, "Yaya, ka bar mana shi shekara biyu mu gyara shi." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Amma na daɗe ina tambayar kaina, wane irin gyara? Irin na Broly, ko irin na Bardock? Idan za a ƙara mini sanin dangi da Hausa mai kyau, ina so. Idan kuwa sai na zubar da Yarbancin da nake ciniki da shi, da abokan da muka tashi tare, da amalar da na saba ci, to wanda za a karɓa ɗin ba ni ba ne, wani ne mai sunana.

Toriyama ya rasu a watan Maris na 2024, amma ɗebo kayan gefe bai tsaya a kan Broly ba. Gogeta na fim ɗin 1995 ya shigo tare da shi a 2018, sannan siffar Super Saiyan 4 ta Dragon Ball GT ta sake bayyana a Dragon Ball Daima a 2025. Duk wanda za a shigo da shi nan gaba, roƙona ɗaya ne ga masu rubutun: kafin su taɓa shi, su tambayi kansu me ya sa mutane suka so shi tun yana waje. Wannan abin su bar masa shi.

Allah Ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.