Tsakanin Teba Da Teɓa

A rubutun boko, ƙugiya ɗaya tak ce ta raba teba da teɓa, kuma duk ɗalibin da ya mance da ita a takardar jarrabawa yakan yi asarar maki. Amma mu da neman ilmi ko neman abinci ya kawo mu ƙasar Kudu, muka saba da malmalar teba da miyar manja dare da rana, mun daɗe da sanin cewa zumuncin da ke tsakanin kalmomin nan biyu ya wuce na haruffa. Ɗaya takan haifi ɗaya, ba tare da an ji kukan jariri ba.

Wahalar zancen rage ƙiba a wurin Bahaushe ita ce, tun fil azal ƙiba abin yabo ce a gare shi. Idan ka daɗe ba ka je gida ba, aka ce maka "Kai, ka yi ƙiba!" to an yi maka barka ne da samun wuri. Amaryar da ta cika wata uku ba ta yi kumatu ba, sai dangi su shiga tambayar ko lafiya. Wannan ne ya sa har yau ake samun 'yan mata masu sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, su kumbura jikinsu da hannunsu. Mu kuwa maza, babbar riga ta zame mana garkuwa: tana iya rufa wa tumbi asiri shekara goma, babu mai sani sai tela, shi kuma tela ba ya tona asirin mai ba shi ɗinki.

Baffana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai cika ido, wanda idan ya zauna a zaure sai ka ga zauren ya yi masa kaɗan. Ciwon suga ya ci shi a hankali. Ya fara da yatsan ƙafa, ya ƙare da ƙafar dungurungum. Saboda haka ranar da likita ya duba sakamakon gwajin jinina ya ce da ni, "Malam, ba ka shiga ciwon suga ba tukuna, amma kana tsaye a bakin ƙofa," ban bukaci dogon bayani ba. Na riga na ga cikin ɗakin.

Da zarar mutane sun ji kana neman rage nauyi, sai kowa ya zama likita. Wannan ya ce ruwan zafi da lemon tsami kafin karin kumallo. Wancan ya ce akwai wani shayi da ake kawowa daga Sin, mako biyu kacal tumbi ya sace. Wani abokin aikina ya haramta wa kansa duk wani abu mai suna tuwo ko shinkafa ko burodi, ya koma ga ƙwai da nama da ganye, har wata biyu. Ya rame ƙwarai, muka yi ta yi masa kirari a ɗakin malamai. Bayan hutun ƙarshen shekara ya dawo da duk abin da ya zubar, har da gyara. Shi kuwa shayin nan, akasarinsa maganin sa gudawa ne da fitsari. Ruwan jiki yake kwashewa, ma'auni ya sauka yau, gobe mutum ya sha ruwa ya koma inda yake, kitse na nan yana dariya.

Abin da ya sami abokin nawa ba ragwanci ba ne, kuma masana sun daɗe da gane dalilinsa. Tsakanin 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya gudanar da gwaji a Jami'ar Minisota ta Amurka a kan samari 36 da suka amince a rage musu abinci kusan rabi har tsawon wata shida. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma sai jikinsu ya rage yawan ƙarfin da yake ƙonawa, sanyi da kasala da saurin fushi suka kama su, zancen abinci ya zama shi ne tunaninsu da mafarkinsu, har wasu suka shiga tara littattafan girki. Da aka sakar musu mara suka ci kamar ba gobe, kitsen ya dawo fiye da na da. A 2016 ma an sake bibiyar mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta gidan talabijin a can Amurkar. A lokacin gasar kowannensu ya zubar da kilo 58 idan aka yi raba-daidai; bayan shekara shida kilo 41 sun dawo, alhali jikinsu bai daina tsimin ƙona abinci ba. Wato jiki bai san kwalliya ba. Idan ka matsa masa da yunwa, ɗauka yake fari aka shiga, sai ya ƙulle rumbu. Mu da muke azumin Ramadan kowace shekara ai shaidu ne: ɗan abin da ya ragu cikin wata guda, kafin Babbar Sallah ya komo gida.

To, wane tsarin cin abinci ne ya fi? A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford sun raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage maiƙo, wasu suka rage abinci mai sitaci da suga. Bayan shekara guda na farkon sun rage kimanin kilo 5, na biyun kimanin kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali kuwa shi ne wani babban bincike da aka fitar a 2002, a kan mutum 3,234 masu irin matsayina, wato na bakin ƙofa. An nemi wani rukuni daga cikinsu su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Cikin shekara uku, kamuwa da ciwon suga a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da 'yar ɗoriya. Ba a ce sai ya zama sillan kara ba.

Daga nan na yanke wa kaina hukunci ɗaya: ba zan fara wani abu da ba zan iya ci gaba da yinsa ina da shekara saba'in ba. Tukunyar da zan ci daga cikinta har ƙarshen raina, ita ce za ta yi mini aikin. Muka zauna da uwargida muka yi shawara, domin duk namijin da ya ce zai rage ƙiba ba da sanin mai riƙe da muciya ba, yaudarar kansa yake. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya kuwa ta ƙaru, musamman ta ganye: kuka, kuɓewa, zogale, alayyafo, da ugu ɗin nan da muka koya a wurin maƙwabta. Wake ya sami gurbi sau uku a mako, ko dai da 'yar shinkafa, ko alala, domin yana riƙe ciki ya daɗe. Idan an sami mai zuwa daga gida, mukan ba da saƙon dawa da gero, mu kuma roƙi mai niƙa kada a surfe su fes, don amfanin yana tare da dusar.

Inda aka yi gumurzu shi ne wajen mai. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali na tuwo ko nama bai wuce 4 ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Miyar da mai ke yawo a samanta kamar tafki, ita ce alfaharin uwargida, kuma ban ga laifinta ba, haka ta gani a gidansu. Muka daidaita a kan a riƙa auna shi da cokali maimakon a tuntsura kwalba. Sai kuma abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a yini, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga baligi. Robar lemon zaƙi ɗaya mai rabin lita ta cinye wannan kason kaf. Ban tsaya nan ba, na lura da hannun mai shayin bakin ƙofar makaranta, da na mai dama fura, da zoɓon gidan suna, na ga ashe suga muke sha da sunaye daban-daban. Tafiya kuwa, daga gida zuwa ofis na mayar da ita a ƙasa, rabin awa, kafin rana ta yi zafi. Ɗalibai masu tausayi sukan tsaya da babur su ce, "Malam, mota ta lalace ne?"

Ma'auni ya riƙa sauka kamar tafiyar hawainiya, wani watan kilo ɗaya, wani watan ko ɗigo. Sai da aka shekara tela ya ce zai rage mini ƙugun wando, likita kuma ya ce na ɗan ja da baya daga bakin ƙofar.

Sai dai akwai kuɗin da na biya wanda babu shi a cikin binciken Turawa. Da na je gida, Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, lafiya kuwa? Bashi ne, ko yarinyar nan ce ba ta ba ka abinci?" Ramar miji abin kunyar mata ce, kuma uwargida ta sha habaici a kan abin da ni na roƙe ta. Haka nan ƙin cin abincin wanda ya karrama ka cin fuska ne. Dabarar da na samo ita ce in sa hannu in yi bismilla, in yaba miya in nemi ƙarinta, in bar tuwo ya yi saura, naman kuma in ce a ƙunsa wa yara. Goggo dai har yanzu ba ta gamsu ba. Duk wanda zai zo Kudu sai ta ba shi kwalbar man shanu ya kawo mini.

Kwanan baya abokin aikin nan nawa ya zo mini da labarin allurar nan da ake kira Ozempic, wadda aka yi don masu ciwon suga, take kuma kashe sha'awar abinci. Gaskiya ne tana aiki, kuma akwai waɗanda likita zai ga ta dace da su. Na dai gaya masa abin da aka ruwaito a 2022 game da waɗanda suka yi amfani da sinadarin da ke cikinta suka daina: cikin shekara guda, kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo. Ya tambayi kuɗinta a kantin magani, ya lissafa da albashinsa, ya yi shiru. Ranar Litinin da ta wuce na hango shi a ƙasa yana haɗa gumi a hawan nan na kusa da ɗakin karatu, da robar ruwa a hannunsa.