Hasken da Ba a Gayyata Ba

Wata uku ɗalibar ta yi tana auna hasken da rini ke fitarwa, kuma duk sakamakon da ta samu ya yi mata daɗi. Rinin, wanda ake kira rodamin, yakan sha koren hasken leza mai tsawon zango nanomita 532, sannan ya mayar da wani haske ruwan ɗorawa wanda zangonsa ya ɗan fi tsawo. Wannan haske na biyu take nema. Kullum na'urar takan nuna mata adadi mai yawa, ita kuwa ta rubuta a littafinta, tana ganin kundin digirinta ya kusa kammaluwa.

Ranar da malaminta ya duba littafin, tambaya ɗaya ya yi mata: "Ɗiyata, kin taɓa auna kwalbar babu rini?" Ta ce ba ta taɓa ba, Malam. Da ta zuba ruwa zalla ta kunna leza, sai na'urar ta nuna kusan adadin da ta saba gani. Ashe akasarin abin da take rubutawa hasken lezar ne da kansa, wanda ya ɓace hanya ya faɗo cikin idon na'ura. Ta zauna jugum, aikin wata uku ya tashi a banza.

Daga nan ta fara bin sawun ɓataccen hasken. Ta gane cewa kowace fuskar gilashi tana mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya buge ta kai tsaye, kuma kwalbarta ba fuska ɗaya gare ta ba. Lokacin hunturu ne, ƙurar hazo tana shiga ko ta ina, kuma kowace ƙwayar ƙura a cikin ruwa tana watsa haske. Bangon ɗakin ma fari ne. Neman hasken rini a irin wannan hali kamar neman tauraro ne da rana tsaka: yana nan a sama, amma an fi ƙarfinsa.

Ta mayar da na'urar gefe, a kusurwar digiri 90 da hanyar leza. Ta shafe cikin akwatin awo da baƙin fenti marar sheƙi, ta jera faranti masu ƙananan huda don su tare hasken gefe. A ƙarshen hanyar ta ajiye baƙin mazurari mai lanƙwasa, wanda haske in ya shiga ba ya fitowa. Ta tace ruwanta, sannan ta sa matatar haske wadda ke tsare kore ta bar ruwan ɗorawa ya wuce.

Malamin ya ba ta labarin Raman, masanin Indiya, wanda a 1928 a Kalkata ya gano wani raunanan haske da ruwaye ke watsawa. Babu leza a zamaninsa. Da hasken rana ya fara, da matatai biyu, ta biyun tana tsare abin da ta farkon ta bari. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1930.

Sabon adadin da ta samu ƙarami ne ƙwarai, har ta ji nauyin nuna shi. Amma da ta ninka rinin sai ya ninku, da ta cire rinin sai ya kusa ɓacewa. Tun daga ranar, shafin farko na kowane awo nata na kwalbar ruwa zalla ne.