Tsinken Gashi a Ƙasar Sin

A ƙasar Sin ta dā, yarinya ba ta shiga sahun 'yan mata sai an soka mata tsinke a gashi. Idan ta kai shekara 15, akan shirya bikin da ake kira jili, wata dattijuwa ta naɗe mata gashi ta cake shi da tsinke. Daga ranar kowa ya san ta isa aure.

Tsinken kan tona asirin gida. 'Yar talaka na itace take sakawa, matan fada kuwa sai na zinariya. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, an yi yayin wani tsinke mai suna buyao, mai 'yan kayan ado da ke lilo da kowane taku, dole mai shi ta yi tafiya a natse.

Tsinken da ya fi taɓa zuciya shi ne chai, mai ƙafa biyu. Idan tafiya za ta raba masoya, sai su ɓalle shi gida biyu, kowa ya adana rabinsa har ranar haɗuwa. Yau matasa masu farfaɗo da tufafin gargajiya na hanfu sun dawo da tsinken gashi kasuwa.